Mai Neman Aiki Wanda Ya Gaji

Cikin ekklesiyoyinmu akwai samari waɗanda sun gama makaranta, sun rubuta takardun neman aiki har sun gaji, amsa kuwa shiru. Bayan wata shida sai mutum ya daina fita, yana barci har hantsi, yana gudun sujada don kada a tambaye shi. Mu ma da laifinmu, gama tambayarmu ta fi taimakonmu yawa.

Bari mu duba Matta sura 20. Mai gonar inabi ya fita neman ma'aikata sau biyar a yini guda. Fitarsa ta ƙarshe da sa'a ta goma sha ɗaya ce, wato wajen ƙarfe 5 na yamma, ya kuwa tarar da waɗansu a tsaye. Ba ragwaye ba ne, ba wanda ya ɗauke su ne kawai. Da sun yi fushi sun koma gida da azahar, da bai same su ba.

Bulus kuma, wanda ya yi karatu wurin Gamaliyel, bai raina ɗinkin alfarwa tare da Akila da Biriskilla a Korinti ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka tashi da asuba kamar mai aiki. Ka kai takardarka wurin wanda ya fi ka sani ya gyara. Ka gaya wa dattawa abin da ka iya, ban da kunya. Idan kafinta ko tela yana son mai taimako, tafi tukuna, kana jiran amsa.