Kotu Ta Kowa Ce, Aikin Lauya Ma Ya Zama Na Kowa

Shiyyar Funtua, wato ƙananan hukumomi 11 na kudancin Jihar Katsina, an fi saninta da masara da dawa da auduga, da kasuwar hatsi ta Dandume, da tumatirin Danja. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, ƙasar tana da suna babba a fagen shari'a. Marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda ya riƙe Ministan Shari'a na Jihar Arewa a zamanin Sardauna, shi ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya daga 1978 zuwa 1992, sannan ya zauna a Malumfashi a matsayin Galadiman Katsina har Allah Ya yi masa rasuwa a 2019. Duk da wannan gado, manomin Kafur ko na Sabuwa da aka aiko wa sammaci yau, da wuya ya sami lauyan da zai ji damuwarsa yadda take, balle wanda zai iya biya.

Ni lauya ce, kuma tsakanin kotunan Funtua da Malumfashi nake aiki. Abin da aikin ya nuna mini shi ne, adalcin da talaka zai samu ya dogara ƙwarai a kan su wane ne ke sanye da baƙar riga a gaban alƙali. Muddin aikin lauya ya zama na 'ya'yan birni da masu hali kawai, to akwai jama'a da yawa da doka ta ba su haƙƙi a takarda amma babu mai karɓo musu shi.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A watan Maris na 2002 kotun shari'ar Musulunci ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal, mutuniyar ƙauyen Kurami, hukuncin jefewa bisa zargin zina. A wannan zaman ba ta da lauya. Aka ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Shari'a ta Funtua, wadda ta tabbatar da hukuncin ranar 19 ga Agusta, 2002. Sai ranar 25 ga Satumba, 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Katsina ta soke hukuncin, alƙalai huɗu suka goyi bayan sakinta, ɗaya ya saɓa.

Duniya ta yi ta surutu a kan wannan shari'a, daga Turai har Amurka, amma a cikin ɗakin kotu aka yi nasara, da harshen Hausa, da hujjojin mazhabar Malikiyya. Lauyoyin da suka tsaya mata, Aliyu Musa Yawuri a gaba, tare da Hauwa Ibrahim da wasu, da tallafin ƙungiyoyin kare haƙƙin mata irin su WRAPA da BAOBAB, ba su ce a yi watsi da shari'a ba. Cewa suka yi a bi ta yadda take. Sun nuna cewa wanda ya yi iƙirari a laifin haddi yana da damar janyewa. Cewa alƙalin farko ya zauna shi kaɗai alhali dokar jihar ta ce ya zauna da mataimaka biyu. Cewa a fiƙihun Malikiyya ana iya jingina cikin bazawara irin Amina ga tsohon mijinta har tsawon shekaru, abin da aka sani da kwantaccen ciki. Duk waɗannan hujjoji suna nan tun ranar farko a Bakori. Wanda zai faɗe su ne babu. Hauwa Ibrahim, 'yar ƙauyen Hinna ta Jihar Gombe, daga baya ta sami lambar yabo ta Sakharov daga Majalisar Tarayyar Turai a 2005. Yarinyar ƙauye ce da aka bari ta yi karatu, ga kuma amfaninsa.

Irin wannan giɓin muke gani kullum, sai dai ba ya shiga rediyo. Na farko shi ne na harshe. Babbar Kotun Jiha da kotunan majistare da Turanci suke aiki. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma damar samun tafinta kyauta, amma sau da yawa ma'aikacin kotu ne kawai ake kira ya fassara, ba tare da horo ba. Idan aka karanta tuhuma aka tambayi mutum ko ya amsa laifi, tafinta ya ce masa, "Ka aikata ko ba ka aikata ba?" Manomin da ya sari wani yana kare kansa a gonarsa, mutumin kirki ne da ba ya son ƙarya, sai ya ce ya aikata. Da wannan amsa ɗaya ya rufe wa kansa ƙofar kariyar da doka ta ba shi. Haka ma bayanin da ake rubutawa da Turanci a caji ofis, a sa mutum ya dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta masa ba. Lauyan da ya tashi a cikin jama'a shi ne zai miƙe nan take ya ce wa alƙali ba haka aka tambaya ba. In mai Hausa yana shan wannan wahala, ina ga Bafulatanin da Fillanci ne bakinsa, ko kurma da ke buƙatar mai maganar hannu?

Na biyu shi ne na mata. Yawancin ƙararrakin da ke cika kotunan shari'a a wannan yanki na aure ne da saki da khul'i da ciyarwa da riƙon 'ya'ya da gado. Akwai maganganun idda da na shimfiɗa da na fyaɗe waɗanda macen karkara ba za ta iya buɗe baki ta faɗa wa namiji baƙo ba, ko da kuwa lauyanta ne. Ta gwammace ta yi shiru ta rasa haƙƙinta. Rashin tsaron da ya addabi Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara ya bar mana zawarawa da marayu masu yawa, kuma abin da nake yawan gani shi ne ɗan'uwan mamaci ya karɓi gona da sunan riƙo, shekaru su yi ta tafiya babu rabo. Matar tana da tumuninta, 'ya'ya mata suna da kasonsu da Alƙur'ani ya yanka musu, amma ana ce mata kai ƙarar dangin miji abin kunya ne. Sau da yawa irin waɗannan mata sai sun ga mace 'yar'uwarsu a ofis kafin su fito da gaskiyar lamarin. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Matan Arewa sun riga sun nuna za su iya. Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, mace ta farko daga Arewa da ta zama lauya, ita ce mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, daga 2012 zuwa 2014. Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 2014 zuwa 2020. Iyayen da ke tsoron aikin zai raba 'yarsu da suturarta su sani cewa an wuce wannan: Firdausi Amasa, wadda aka hana rantsarwa a Disambar 2017 saboda hijabinta, an rantsar da ita da hijabin a Yulin 2018. Abin da ya rage yana cikin ofisoshinmu. Har yanzu akwai inda ake ajiye matashiyar lauya a kan tebur tana rubuta takardu, namijin da suka fito tare yana tsayawa gaban alƙali. Akwai inda haihuwa ke zama ƙarshen aikinta. Wannan laifinmu ne mu lauyoyi, kuma gyaransa yana hannunmu.

Na uku shi ne waɗanda jama'a suka riga suka yanke wa hukunci. Babu gida a wannan yanki da ta'addancin 'yan bindiga bai taɓa ba, kuma ba za mu manta da ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka sace a Disambar 2020 ba. Duk wanda ya aikata irin wannan ɓarna ya cancanci hukunci mai tsanani. Amma ana kama makiyayi a kasuwa don kamanninsa kawai, ya shafe watanni a gidan gyaran hali yana jiran shari'a, lauyoyi kuma suna gudun takardarsa don kada a ce da su lauyoyin 'yan bindiga. Tsarin mulki ya ce mutum ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar. Musulunci ya ɗora hujja a kan mai ƙara. Idan aka ɗaure marar laifi, mai laifin yana can daji yana ci gaba da abin da yake yi. A faɗin ƙasar nan kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare ba a yanke musu hukunci ba tukuna, kuma mafi yawansu talakawa ne. Muna buƙatar 'ya'yan Fulani a cikin aikin nan, kamar yadda muke buƙatar 'ya'yan Hausawa Kiristoci na ƙasar Malumfashi da Kafur, waɗanda suka san al'adunsu na aure da gado, suka kuma san cewa ba a gurfanar da wanda ba Musulmi ba a kotun shari'ar Musulunci sai da yardarsa.

Na huɗu su ne masu buƙata ta musamman. Dokar hana nuna musu wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyar shigarsu. Wa'adin ya cika, amma har yanzu akan ɗauki gurgu a hannu a hau da shi matakalar kotu. Makaho ko gurgu mai basira zai iya zama lauya nagari, in aka ba shi kayan karatu da wurin zama.

To me ke hana ɗan manomi shiga? Tun daga sakandare ake tare shi. Karatun lauya yana buƙatar kiredit a Turanci da adabin Turanci, alhali makarantun ƙauye da yawa ba su da malamin adabi. Yaro ya gama aji shida da kyakkyawan sakamako, sai a wurin cike JAMB ya ji cewa darasin da bai taɓa yi ba shi ne sharaɗi. Wanda ya tsallake wannan, shekara biyar ke gabansa a jami'a, ko a Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko Jami'ar Bayero ta Kano, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina. Daga nan sai shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda, da kuɗin makaranta da na littattafai da na riga da hula, waɗanda suka fi ƙarfin mai noman 'yan buhuna. Wanda ya kammala kuma, albashin ƙaramin lauya a nan ba ya riƙe shi, sai ya nufi Kaduna ko Abuja. Ga kuma ɗaliban da suka sauke Alƙur'ani suka karanci Risala da sauran littattafan fiƙihu a zaure, waɗanda su ne suka fi dacewa da kotunan shari'a, amma babu wanda ya gaya musu cewa jami'o'inmu suna koyar da dokar ƙasa haɗe da shari'ar Musulunci.

Kafin mu cike wannan giɓi, ga abubuwan da ya kamata kowane gida ya sani:

Belin 'yan sanda kyauta ne, kuma babu dokar da ta hana mace tsaya wa mutum beli. Sashe na 42 na tsarin mulki ya haramta wariya saboda jinsi ko ƙabila ko addini.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani. Ba a tsare uba don ɗansa ya gudu, ko mata don mijinta.

Bashi ba laifi ba ne da za a kulle mutum a caji ofis. Wanda ya karɓi taki ko iri da alkawarin biya da kaka ya gaza, kotu ce wurin maganarsa.

Wanda aka kama, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya, ko kwana biyu in kotun tana da nisa.

Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, tana ba marasa hali lauya kyauta. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ma tana taimakon mata da yara.

Ɗaukaka ƙara tana da wa'adi gajere, yawanci kwana 30 a ƙananan kotuna. Kada a tsaya jiran sai an sayar da amfanin gona.

Aro ko haya ko jinginar gona, a rubuta a takarda da shaidu da sa hannun mai unguwa ko dagaci, ko da tsakanin wa da ƙane ne. Rabin rigingimun gona da ke zuwa gabanmu da ba su taso ba in da an yi haka.

Kirana na farko ga abokan aikina ne, musamman manya masu ofisoshi. Kowane ofis ya ware wasu shari'o'i a shekara da zai yi fisabilillahi. A ɗauki mata da 'ya'yan karkara, a biya su abin da zai riƙe su, a bar su su tsaya gaban alƙali. Mu riƙa shiga makarantun Bakori da Danja da Musawa da Matazu muna gaya wa 'yan aji huɗu darussan da za su zaɓa. Ga ma'aikatar shari'a, a ɗauki tafintoci masu horo na Hausa da Fillanci da maganar hannu, a gyara mashigar kotuna. Ga shugabannin ƙananan hukumomi da attajiranmu na hatsi da auduga da ƙungiyoyin ci gaban gari, ɗaukar nauyin yaro ɗaya ko yarinya ɗaya har ta zama lauya bai fi ƙarfinku ba, kuma sadaka ce mai gudana.

Ku kuma iyaye, in Allah Ya ba ku yaro ko yarinya mai kaifin fahimta da son gaskiya, kada ku ce aikin lauya ba namu ba ne. Ku tura su, ku tsaya musu, ku kuma roƙe su su dawo gida su yi wa jama'arsu aiki. Allah Ya ba mu ikon tsayawa a kan adalci.