Filin Kiwon Lafiya: Maganin Tsinka Jini da Tiyatar Zuciya

 Darasinmu na wannan mako ya shafi duk gidan da ke da mai ciwon zuciya.

Idan lauje ya yanke mu a gona, jini kan zuba kaɗan ya tsaya. Dalili kuwa, akwai wasu ƙananan ƙwayoyi a cikin jini da ake kira filatilet, waɗanda ke taruwa su toshe rauni. Amma ga mai ciwon zuciya, jini na iya daskarewa a cikin jijiya, gudan ya toshe hanya, ya jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa likitoci ke ba da maganin tsinka jini, irin su asfirin da Clopidogrel da Warfarin.

Asalin Warfarin zai ba makiyayanmu mamaki. A shekarun 1920, shanu a Amurka da Kanada suka riƙa mutuwa da zubar jini bayan sun ci ruɓaɓɓen harawa. Masana a Jami'ar Wisconsin suka gano sinadarin da ke jawo haka. A 1948 aka fara sayar da Warfarin a matsayin maganin ɓera, a 1954 kuma aka amince a ba mutane.

To, ina matsalar take ranar tiyata? An fara buɗe zuciya a Najeriya a Inugu a 1974. A irin wannan aiki, na'ura ce ke karɓar aikin zuciya da huhu, ana kuma sa wa majiyyaci Heparin don kada jini ya daskare a cikinta. Idan an gama, sai a karya ƙarfinsa da wani magani. Amma idan akwai ragowar maganin da majiyyaci ya sha a gida, jini na iya ci gaba da zuba bayan ɗinki, har a yi masa ƙarin jini ko a mayar da shi ɗakin tiyata.

Saboda haka likita kan tsayar da Warfarin ko Clopidogrel kimanin kwana 5 kafin aiki. Asfirin kuwa, sau da yawa akan bar mutum ya ci gaba da sha. Likita kaɗai ke yanke wannan hukunci, domin wanda ya daina da kansa, gudan jini na iya halaka shi tun kafin ranar tiyata.

Ga abin da za mu kai gida:

1. Idan an tura ɗan'uwanmu daga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau zuwa inda za a yi masa aiki, a tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha.
2. A faɗa wa likita har na kemis da na gargajiya. Garin Alabukun da ake sha don ciwon jiki, akwai asfirin a cikinsa.
3. Mai shan Warfarin kada ya je kaho wurin wanzami ko cire haƙori sai da sanin likita.
4. Bayan tiyata, idan aka ga baƙin bayan gida, ko haɓo, ko rauni yana tsattsafo da jini, a koma asibiti nan take.

Mu da muka iya karatu, mu ne za mu karanta wa iyayenmu sunan magani, mu rubuta musu ranar dainawa da ta komawa kamar yadda likita ya faɗa. Inda ba mu gane ba mu tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.