Gargaɗi Ga Mai Koya Wa Yara Lissafin Ɗigo

Malamai da iyaye, ku saurara da kyau. Yaron da ya gama firamare bai san aikin ɗigo a tsakanin lambobi ba, da wannan giɓin zai girma, kuma wata rana shi zai riƙe sirinji a asibiti ko ya zauna rabon gado. Na ga magidanci da gemunsa yana rantsuwa cewa 0.25 ya fi 0.3 yawa, wai don 25 ya fi 3. Laifin yana wuyan wanda ya koya masa.

ABIN DA ZA KU YI

1. Ku fara da rabi, kwata da ushuri kafin ku ɗiga komai a allo. Yaron da bai taɓa raba abu gida goma da hannunsa ba, 0.1 zane ne kawai a wurinsa.

2. Ku aro tef ɗin tela ku shigo da shi aji, ku juya gefen santimita. Mita ɗaya santimita 100 ce. Yaro ya ɗora yatsa a kan 25, ku ce masa ga 0.25, wato kwatan mita. Ya matsa zuwa 30, ku ce ga 0.3. Daga ranar ba zai sake musu a kan wanda ya fi tsawo ba.

3. Ku kira kowane gurbi da sunansa. A 3.47 akwai uku cikakku, huɗu cikin goma, bakwai cikin ɗari. Duk taki ɗaya zuwa dama, darajar lamba ta koma ushurin ta baya.

4. Ku kawo naira da kwabo. Tun 1973 kwabo 100 ke yin naira ɗaya, kuma ko da yake yaran yanzu ba su taɓa riƙe shi ba, yana nan a saƙon banki. Naira 2.5 naira biyu ce da kwabo hamsin. Mai cewa kwabo biyar ya faɗi.

5. A lamba irin 1/2, ku sa yara su raba ta sama da ta ƙasa da kansu, sannan su haddace: 1/2 shi ne 0.5, 1/4 shi ne 0.25, 1/5 shi ne 0.2, 1/8 shi ne 0.125. Wannan na ƙarshen shi ne sumunin matar mamacin da ya bar 'ya'ya, haƙƙi ne da Allah zai tambaya. Zakkar kuɗi kuma ɗaya ce cikin arba'in, wato 0.025. Wanda ya tsallake sifirin nan ya rubuta 0.25 ya ɗora wa mutum ninki goma na abin da ke kansa.

6. Ku jera ɗigo a ƙarƙashin ɗigo wajen tarawa da ɗebewa. In ba haka ba, 1.5 da 0.25 za su ba da 40 ko wani shirme makamancinsa.

7. Ku sanar da su cewa makarantun Nijar, irin na Faransa, waƙafi suke sawa a gurbin ɗigo. Abin da ɗan Kano ya rubuta 2.5, ɗan Maraɗi 2,5 zai rubuta.

ABIN DA BA ZA KU YI BA

1. Kada ku karanta 0.25 da "sifiri ɗigo ashirin da biyar". Ku ce "sifiri ɗigo biyu biyar", domin daga bakinku ɓarnar take farawa.

2. Kada ku ce wa yaro in za a ninka sau goma sai a ƙara sifiri. Zai mai da 2.5 ya koma 2.50, bai gusa ko'ina ba, alhali amsar 25 ce.

3. Kada ku ƙyale wanda ya rubuta 1/4 a matsayin 0.4 ko 1.4. Kwafar siffa ya yi, bai yi lissafi ba.

4. Kada ku bari a rubuta .5 babu sifiri a gaba. Ɗigo ƙanƙanin abu ne, biro na iya ƙin kamawa, takarda na iya jiƙewa. Rabin mililita na magani sai ya koma mililita biyar a bakin jariri, kuma abin da ya shiga ciki ba a dawo da shi. A kan wannan kada ku yi sassauci ko sau ɗaya, ko da amsar yaron daidai ce.

5. Kada ku bari agogo ya ruɗe su. Awa 1.5 awa ɗaya ce da minti 30, tun da minti 60 ke cikin awa.

6. Kada ku ce sulusi shi ne 0.3. Ukun ba ta ƙarewa, kuma 0.3 sau uku 0.9 ne, bai cika ɗaya ba.

7. Kada ku miƙa wa yaro kalkuleta ko waya tun bai iya kintata amsa ba. Na'ura za ta ba shi amsar abin da ya danna ne, ko da kuskure ya danna.

8. Kada ku ɗauki bulala kafin ku tambaye shi yadda aka yi ya samu amsar. Duka zai rufe masa baki, kuskuren ya yi zamansa a ciki.

Gobe da safe ku rubuta 0.3 da 0.25 a allo, ku ce kowane yaro ya nuna babban. Duk ajin da aka samu ko mutum ɗaya ya zaɓi 0.25, kada ku buɗe sabon babi sai kun koma kan tef ɗin tela.