Ƙari Mai Kama Da Sankara

Kowa a garinmu ya san gwaiwa. Mun san tsargiya kuma, wadda ta kan sa yaro fitsarin jini. Yau za mu karanta labarin wata cuta dabam. Ba ta da yawa, likita ya kan yi shekaru bai gamu da ita ba. Amma ya kamata magidanci ya san ta.

Allah ya sa wa jikinmu dogarai a cikin jini. Aikinsu shi ne su kama ƙwayoyin cuta su kashe. To, wani lokaci dogaran nan su kan ruɗe. Sai su taru a wuri guda cikin jiki, alhali babu ɓarawo a wurin. Wurin ya kumbura, ya yi tauri, ya zama ƙari. Likitoci suna kiran cutar IgG4, watau sunan wani abu da dogaran nan su ke zubawa cikin jini.

Likitocin ƙasar Japan ne suka fara gane ta. A 2001 suka ga abin nan ya yi yawa a jinin waɗansu masu kumburi cikin ciki. A 2003 suka gane cuta ɗaya ce mai yawo wurare da yawa a jiki. Ta fi kama maza, musamman waɗanda suka wuce shekara 50.

A jikin namiji ta kan sauka a ƙoda, ko a maraina. Ta kan sauka kuma a wani ɗan nama da ke ƙarƙashin mafitsara, wanda likitoci ke ce wa furostet. In ya kumbura, fitsari ya kan fita da ƙyar, mutum ya yi ta tashi da dare.

Mafi hatsari shi ne wanda ba a gani. Akwai hanyoyi biyu sirara masu kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. Cutar ta kan yi tauri kewaye da su, ta matse su, kamar yadda kauci ke shaƙe reshe. Fitsari ya taru a ƙoda, ƙoda ta yi ta lalacewa. Mai ita kuwa sau da yawa ɗan ciwon baya kaɗai ya ke ji, yana zuwa gona abinsa.

Ƙarin nan yana kama da sankara ƙwarai. Har a hoton asibiti da wuya a rarrabe su. An sha cire wa mutum maraini ko ƙoda ana zaton sankara ce, sai daga baya aka duba aka ga ba ita ba ce. Awon jini yana taimako, amma shi kaɗai bai isa ba. Hanya mafi tabbas ita ce a duba ɗan naman wurin a madubin likita. Babu mai ganewa da taɓawar hannu, ko wanzami, ko mai magani a kasuwa.

Cutar nan ba a ɗaukarta daga mace, ba a kuma sa wa iyali. Ba sammu ba ne. Kada a zargi kowa.

Tana da magani. Likita ya kan ba da ƙwaya mai suna firednisolon, mai kwantar da dogaran nan. Yawancin masu sha su kan ji sauƙi cikin 'yan makonni, ƙarin ya sace. Amma ƙwayar tana da ƙarfi: ta kan ta da ciwon sukari, ta raunana ƙashi. Don haka ba a sayenta a sha da ka, ba a kuma barinta dare ɗaya. Likita ne zai riƙa rage ta kaɗan kaɗan har watanni. Cutar ta kan komo, sai a dinga zuwa awo ko an ji garau.

Mun san maganar wurin nan da nauyi. Dattijo ya kan ɓoye kumburi cikin babbar riga har shekaru. Wanda ya ji ƙullutu a marainansa, ko fitsari ya soma yi masa wuya, ya tafi asibiti cikin makon nan. In sankara ce, an tare ta da wuri. In wannan ce, ƙodarsa ta tsira.

Tambayoyi

Mene ne aikin dogaran jiki?
Yaya cutar nan ta ke lalata ƙoda?
Don me ba a barin ƙwayar dare ɗaya?