Makullin da Ba a Turawa ta WhatsApp

Da zarar kaka ta kama, tireloli ba sa yankewa a kan hanyar Funtuwa. Masara da dawa da waken suya na fitowa daga Ɗandume da Bakori da Ƙafur, auduga na nufar injinan gurza, masu sito kuma na ta lissafin buhu nawa ya shiga, nawa ya fita. Lissafin da a da yake cikin littafi mai kaurin bango, yanzu rabinsa ya koma kwamfuta. Tun da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a watan Nuwamba na 2015, ƙungiyoyin manoma suka saba da tattara sunan kowane mamba da lambar wayarsa da BVN da hotonsa da girman gonarsa. Dilolin taki da kamfanonin sayen hatsi su ma sun bi sahu.

Waɗannan bayanai ba a ofis suke kwana ba. Galibi suna kan wata kwamfutar haya da ake kira saba, wadda za ta iya kasancewa a Legas ko Jamus, kuma abin da ke buɗe ƙofarta wani ɗan fayil ne da bai kai girman hoton fasfo ba. Shi ne makullin sirri.

Mai wannan rubutu sana'arsa ke nan: haɗa irin waɗannan sabobi da kula da su ga ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyi tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Matsalar da ya fi tararwa a ofisoshi ba ta gwanayen kutse ba ce. Makulli ne yake yawo hannu-hannu, kuma babu wanda zai iya faɗin adadin mutanen da ke da kwafinsa.

Dabarar ta samo asali ne a 1976, lokacin da Whitfield Diffie da Martin Hellman suka wallafa tunanin makulli mai tagwaye a Amurka. A 1977 Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman na jami'ar MIT suka fito da tsarin RSA, wanda har yau ake aiki da shi. Ana ƙera abubuwa biyu a tare, ɗaya na fili, ɗaya na sirri. Na filin kamar kwaɗo ne: mutum zai iya yin kwafinsa ɗari ya rataya a ƙofar kowane sito da yake da hurumin shiga, kowa ya gani, ba komai. Na sirrin shi ne ɗan makullin da ke aljihu. Idan mutum ya zo shiga saba, sai ta aiko wa kwamfutarsa wani saƙo, kwamfutar ta sa masa hannu da makullin sirri, sabar ta duba sa hannun da makullin fili da ke wurinta. Shi kansa makullin sirrin ba ya bin waya, ba ya ratsa intanet.

Ƙera shi ba ya cin minti ɗaya. A Linux ko Mac ana buɗe Terminal, a Windows 10 da 11 kuma PowerShell, wato baƙin allon nan ko shuɗi da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye. Sai a rubuta:

ssh-keygen -t ed25519

Kwamfutar za ta tambayi inda za ta ajiye fayil. A danna Enter ta ajiye a mazauninsa na asali, cikin jakar .ssh. Sai ta nemi jimlar sirri har sau biyu. A nan ne sababbin shiga kan rikice, domin suna bugawa amma allon ba ya nuna komai, ko ɗigo ɗaya. Da gangan aka yi haka, don kada na tsaye a baya ya ƙirga haruffa. Daga nan fayil biyu za su fito: id_ed25519 da id_ed25519.pub. Mai .pub a ƙarshe shi ne na fili, layi ɗaya ne tak da ya fara da ssh-ed25519. Ɗayan kuwa, idan aka buɗe shi, za a ga BEGIN OPENSSH PRIVATE KEY a samansa. Duk wanda ya ga wannan rubutu a cikin saƙon waya ko imel, to ya san an riga an yi ɓarna.

Wani ɗan ƙasar Finlan, Tatu Ylönen, shi ya ƙirƙiro SSH, wato wannan tsari na shiga saba, a 1995, bayan an sace kalmomin sirri a layin sadarwar jami'arsu da ke kusa da Helsinki. Nau'in ed25519 kuwa Daniel Bernstein da abokan aikinsa suka fitar da shi a 2011, ya shiga manhajar OpenSSH a 2014, kuma tun 2023 shi ne wanda manhajar ke zaɓa idan ba a ce mata komai ba. Wanda aikinsa ya buƙaci RSA, kamar makullin shafin intanet ko na haɗa manhaja da kamfanin biyan kuɗi, yakan yi amfani da manhajar OpenSSL:

openssl genpkey -algorithm RSA -pkeyopt rsa_keygen_bits:3072 -aes256 -out sirri.pem

Lambar 3072 tsawon makullin ce. An daina amincewa da 1024, mafi ƙanƙantar da ake karɓa yau shi ne 2048, ganin cewa a 2020 masu bincike sun fasa lambar RSA mai tsawon 829.

Matasa da yawa kan tambaya: me ya sa sai an wahala da baƙin allo, alhali akwai shafukan intanet da ke ba da makulli da dannawa ɗaya? Amsar ita ce babu wata hanya mai sauƙi da mai dannawa zai tabbatar cewa mai shafin bai ajiye kwafi ba. Umarnin ssh-keygen kuwa a cikin kwamfutar mutum yake aiki, ba ya buƙatar data ko sabis. Ko a lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina a watan Satumba na 2021, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, wanda ke da caji a kwamfutarsa zai iya ƙera makulli lafiya lau.

Ƙarfin makulli yana kan abu ɗaya: a kasa kintatarsa. Makullin ed25519 lamba ce da kwamfuta ke zaɓowa cikin wani adadi mai alƙaluma 78, yawan da ko an haɗa kwamfutocin duniya ba za su gama gwadawa ba. Amma fa sai idan zaɓen ya kasance na ƙuri'a ta gaskiya. A 2006 wani gyara da aka yi wa OpenSSL a tsarin Debian na Linux ya lalata wannan ƙuri'a ba tare da an lura ba. Sai a watan Mayu na 2008 Luciano Bello ya gano cewa makullan da ake ƙerawa a can ba su wuce kusan 32,000 ba na kowane nau'i da tsawo. Nan da nan aka jera su duka a intanet, masu sabobi a faɗin duniya suka shiga sauya makulli.

Wani misalin ya fi kusa da matasanmu 'yan kirifto, waɗanda suka cika wuraren cajin waya da danne-danne a zamanin Notcoin da Hamster Kombat a 2024. Kalmomi 12 ko 24 da walat ke bayarwa makullin sirri ne a wata siga. A 2023 aka gano cewa umarnin bx seed na manhajar Libbitcoin Explorer yana zaɓo lambarsa ne cikin kusan biliyan 4 kacal, adadin da kwamfutar gida za ta iya bi ɗaya bayan ɗaya. Ɓarayi sun riga masu bincike ganowa, suka kwashe dukiyar da ta haura dala 900,000. Wato baƙin allo shi kaɗai ba kariya ba ne. Dole manhajar ta zama sananniya wadda idanu da yawa suka bincika, kamar OpenSSH da OpenSSL, kuma a riƙa sabunta ta.

Sai dai a yankinmu ba nan gizo ke saƙar ba. A wani kamfanin sayen hatsi da mai wannan rubutu ya je duba wa saba, ya tambayi inda makullin yake. Akawun ya zaro waya, ya buɗe zauren WhatsApp na ma'aikata, ya gangara har kan wani fayil da wanda ya haɗa musu manhajar ya turo daga wani gari tun bara. A zauren akwai mai awo, akwai direbobi, akwai wani yaro da ya bar aiki tun kafin damina. Fayil ɗin ba shi da jimlar sirri.

"Injiniya, ai duk yaranmu ne, babu baƙo a ciki," in ji mai kamfanin.

"Haka ne, ranka ya daɗe. Amma wayoyinsu fa? Wace ce ba ta taɓa kwana a wurin mai caji ko mai gyara ba?"

Alhajin ya yi shiru, can ya ce a yi abin da ya dace. Abin da ya dace kuwa bai ci ko sisi ba. Mutum biyu ne kawai aikinsu ya shafi sabar. Kowannensu ya ƙera nasa makullin a kan tasa kwamfutar, ya miƙa na filin kaɗai. Aka zuba layukan biyu a fayil ɗin authorized_keys da ke kan sabar, aka goge layin tsohon makullin. Tun daga lokacin, fayil ɗin da ke zauren ya zama shara, ko wa ya kwafe shi.

Amfanin makulli ɗaya ga mutum ɗaya ke nan. Ranar da ma'aikaci ya ajiye aiki, layinsa kawai za a cire, sauran ba su san an yi ba. Kuma rajistar sabar za ta nuna da wane makulli aka shiga, da ƙarfe nawa.

Jimlar sirri ita ce katanga ta biyu. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana ɓata a mota, ana sace ta, ana kai ta gyara. Idan makullin yana da jimla mai ƙarfi, wanda ya tsince shi sai ya sha wahala kafin ya amfana, mai shi kuma ya samu sararin soke shi. Sunan ɗa ko shekarar haihuwa ko lambar mota ba jimla ba ce. Gara kalmomi biyar ko shida da ba su da dangantaka da juna, kuma ba karin magana ko baitin da kowa ya haddace ba. Wanda ya riga ya ƙera makulli babu jimla ba sai ya sake sabo ba. Umarnin ssh-keygen -p zai ɗora masa. A Linux da Mac kuma ana rubuta chmod 600 da sunan fayil ɗin, don kada wani mai amfani da kwamfutar ya iya karantawa. SSH ma kan ƙi aiki da makullin da aka bari a buɗe, ta fito da gargaɗi da manyan baƙaƙe.

Batun ajiyar kwafi ya danganta da irin makullin. Na shiga saba idan ya ɓata ana ƙera wani, muddin akwai mutum na biyu ko makulli na biyu da zai buɗe ƙofar. Na ɓoye bayanai ko na walat kuwa idan ya tafi, ya tafi da duk abin da ya kulle. Irin wannan ana ajiye kwafinsa a filashi mai kulle, ko a rubuta kalmomin a takarda, a sa inda ake ajiye takardun gona da na gida. Ɗaukar hotonsa da waya kuskure ne, domin wayoyi da yawa kan tura hotuna intanet da kansu.

Idan kuma makulli ya fita, jinkiri ne abokin gaba. A watan Maris na 2023 kamfanin GitHub, inda miliyoyin masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya sanar cewa makullinsa na sirri na RSA ya bayyana a fili na ɗan lokaci bisa kuskure. Bai tsaya jiran hujjar cewa wani ya ɗauka ba, ya sauya shi nan take ya gaya wa duniya. Ƙungiyar manoma ma haka doka ke so ta yi. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, kuma idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, wajibi ne a sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin awa 72. BVN da lambar waya da sunan manomi, idan suka haɗu a hannun ɗan damfara, sun ishe shi ya kira ya ce daga banki yake.

Shugaban ƙungiya ko mai kamfani ba sai ya iya baƙin allo ba kafin ya sa ido. Kafin a biya wanda ya haɗa manhaja cikon kuɗinsa, a zaunar da shi ya buɗe authorized_keys a gaban shugabanni, ya faɗi mai kowane layi. A tambaye shi a kan wace kwamfuta aka ƙera kowane makulli, da ko yana da jimlar sirri. A tabbatar asusun hayar sabar da sunan ƙungiya yake, ba da sunansa ba. Sannan a rubuta a littafin taro wanda zai cire layin duk ma'aikacin da ya tafi, a kuma sa ranar sake duba jerin, misali kafin a fara rajistar manoman damina mai zuwa.