Amsoshin Tambayoyinku: Shokozobar Bayan Keken Hawan Dutse

Wani mai sauraronmu daga Jos yana tambaya, yaya shokozobar baya ta keken hawan dutse take aiki?

To malam, abu biyu ne a cikinta. Akwai sifirin, na ƙarfe ko na iskar da aka matse da famfo. Idan tayar baya ta hau dutse, sai sifirin ya matse ya shanye bugun, maimakon ya kai ga ƙugun mahayi.

Sai dai sifirin kaɗai zai yi ta cilla mutum sama. Shi ya sa aka haɗa shi da mai. Wani fistin da ke cikinta yana tura man ta wasu ƙananan ƙofofi, kuma da yake man ba ya wucewa da sauri, sifirin ɗin yakan dawo a hankali, taya ta ci gaba da riƙe ƙasa. A ganina nan gwanintar take, domin tayar da ke tsalle ba ta jin birki.

Kamfanoni irin su Fox da RockShox sun shahara wajen ƙera ta. In za ka saita taka, hau keken ka zauna, ka ga ta nutse kamar kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na iyakar nutsewarta. In ta wuce haka, kuma mai iska ce, ƙara mata iska.