Launin ɗan tsako: mace ce ko zakara?



Farkon shigata kiwo, na sayi kwalin 'yan tsakin layas a hannun wani dillali. Bayan sati shida sai na ga zanko yana ta tashi, ashe kusan rabinsu zakaru ne. Abincin da suka ci kuwa, sai dai haƙuri. Da na san darasin yau, da ban yi wannan asarar ba.

A jajayen layas irin ISA Brown, tun ranar ƙyanƙyasa launi ke tona asiri. Mace ja-ja ce, namiji kuwa fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa. A baƙaƙe irin Nera Black, namijin yana da farin ɗigo a ka, macen ba ta da shi.

Me ya jawo haka? A jajayen, uban ja ne, uwar fara. Ƙwayar gadon wannan launi tana tafiya tare da jinsi. Mace tana gadonta daga uba kaɗai, sai ta fito ja. Namiji yana gado daga iyayen biyu, farin uwa ya danne jan uba.

Amma a kula, wannan a haɗin farko kawai yake aiki. In ka ƙyanƙyashe ƙwan layas ɗinka da zakaran gida, kada ka dogara da launi.

Kafin ka biya kuɗi, buɗe kwalin a wuri mai haske, ka duba su ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya sa albarka a kiwonmu.